Waswasi da Zullumi a Ƙasar Badarawa: Tarihin Yadda Ake Bi da Zuciyar da Ta Ƙi Hutawa

Ƙasar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi har ta kai Shinkafi da Badarawa, a arewacin jihar Zamfara ta yau, an fi sanin tarihinta ta fuskar yaƙe-yaƙe da ƙaurace-ƙaurace da ginin ganuwa, amma a ƙarƙashin wannan akwai wani tarihin na daban, wato na hanyoyin da mutanen wurin suka bi wajen lallashin mutumin da tunani ya hana shi sakat. Tun da daɗewa an lura cewa irin wannan tunanin ba iri ɗaya ba ne. Akwai zullumi, wato damuwa a kan abin da ake jin tsoron aukuwarsa kuma yana da tushe a zahiri, kamar mahara ko fari ko bashi ko haraji; akwai kuma waswasi, wato tunanin da yake komowa bayan an riga an ba shi amsa, wanda ba ya dogara da wani dalili na waje, sai dai ya yi ta saƙa da warwara a cikin ƙirji har ya gajiyar da mai shi. Tsohon tsarin jiyya na wannan ƙasa ya ginu ne a kan rarrabe waɗannan biyun, domin na farkon maganinsa a tashi a yi wani abu, na biyun kuwa maganinsa a ƙi kula shi, kuma yawancin wahalar da ake ciki a yau ta samo asali ne daga cakuɗewarsu.

Mafi daɗewar bayani game da rikicewar zuciya a ƙasar Zamfara shi ne na iskoki. Kafin faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Sarkin Gobir Babari wajen 1762, da kuma bayanta, lokacin da Gobirawa suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara kuma ya yi ta sauya mazauni daga Kiyawa zuwa wasu garuruwa har daga baya ya tabbata a Anka, bori yana da matsayi a fada da cikin gari, kuma a Gobir akwai sarautar Inna, wadda mace daga gidan sarauta take riƙewa, ita ce kuma shugabar masu bori. A wannan fahimtar, macen da ta daina cin abinci, ta rage magana, ta kwana ido biyu, ba a cewa tunani ne ya yi mata yawa, cewa ake yi iska ya taɓa ta, sai a nemi sanin wane ne daga cikin mazauna Jangare, birnin da aka ce iskoki suna zaune a cikinsa da sarakunansu da malamansu da bayinsu. Idan ciwon ya ƙi jin saiwa da hayaƙi, sai a yi girka, wato a killace marar lafiyar na wasu kwanaki a hannun uwar girka, ana ba ta magunguna ana yi mata kiɗan garaya ko goge, har iskan ya bayyana kansa ya faɗi abin da yake so, a yi masa yanka, daga nan kuma ta zama ɗaya daga cikin 'yan bori.

Duk abin da mutum zai ce game da aƙidar da ke bayan wannan al'ada, kuma malaman Musulunci sun faɗi nasu tun ƙarnoni da suka wuce, akwai abubuwan da girka take yi wa mai damuwa waɗanda ido yana iya gani. Tana ɗauke laifin daga kansa ta ɗora wa wani, ta yadda ba za a ce ragwanta ce ko rashin godiya ba. Tana tilasta wa miji da dangi su kashe kuɗi su kuma mai da hankali a kan wadda a da ba a saurarenta. Sannan tana shigar da ita cikin wata ƙungiya wadda za ta riƙa haɗuwa da ita har ƙarshen rayuwa. Masu binciken da suka zauna da 'yan bori, irin su Jacqueline Monfouga-Nicolas a ƙasar Maraɗi, wadda littafinta ya fito a 1972, da Fremont Besmer a Kano a 1983, sun nuna cewa mata ne suka fi yawa a cikinsu, kuma da yawa sun shiga ne ta ƙofar doguwar jinya ko rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya.

Malamai kuwa ta wata ƙofa suka ɓullo wa al'amarin, kuma a nan ne ake samun tsari mafi ƙwari da aka taɓa yi wa waswasi a ƙasar Hausa, ko da yake ba a babin magani yake ba, a babin tsarki da salla yake. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zurmi da Ƙaura da Shinkafi, kamar yadda ake karanta su a Katsina da Sakkwato, daga Ahalari na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 996, har zuwa Muhtasar na Halilu, duk sun raba masu shakka gida biyu. Wanda shakka take zo masa jefi-jefi, idan ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu, hukuncinsa ya yi gini a kan abin da ya tabbatar, wato ya ɗauka uku ya yi, ya kawo ɗaya, sannan ya yi sujada biyu bayan sallama, wadda ake kira ba'adi. Amma wanda shakka ta zame masa jiki, wanda malaman fiƙihu suke kira mustankihi, kuma masu sharhi suka ƙayyade shi da wanda take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini, nasa hukuncin akasin haka ne: ba zai ƙaro kome ba, ba zai sake salla ba, zai yi watsi da abin da zuciyarsa take raya masa, ya sallame, ya yi ba'adi, ya tashi. Haka abin yake a alwala, inda mazhabar Malikiyya ta fi sauran tsanani, domin a wurinta shakkar ko alwala ta karye tana wajabta sabuwa, amma duk da wannan tsananin an cire mustankihi, an ce shi kada ya sake.

Hikimar wannan hukunci ita ce bai shiga gardama da tunanin ba. Bai ce wa mai waswasi ya zauna ya tuna da kyau ba, domin an gane cewa tunawar ita ce abincin ciwon, kuma duk sakewar da ya yi domin ya sami natsuwa sai ta ƙara wa shakkar gobe ƙarfi. Abin da ya yi shi ne ya karɓe hukuncin daga hannun zuciyar da ta rikice ya miƙa shi ga wata ƙa'ida ta waje wadda ba ta sauyawa, sannan ya mai da bin wannan ƙa'idar ibada, ta yadda mai tsoron Allah, wanda tsoron ne ma ya jefa shi cikin maimaitawa, zai ga cewa barin maimaitawar shi ne biyayya. Yaron da ya kai babin rafkanuwa a Ahalari yana ɗan shekara goma sha wani abu ya riga ya ji wannan darasi tun kafin ya buƙace shi. Malamai sukan ƙarfafa shi da hadisan da suka nuna cewa ba a kama mutum da abin da ransa ya raya masa muddin bai furta ko ya aikata ba, da kuma wanda sahabbai suka kai kukan munanan tunanin da suke jin nauyin faɗarsu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin alama ce ta imani. Daga littafin Ihya'u na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, aka samo rarrabewar da ake yi tsakanin abin da ya ɗarsu a zuciya ba da zaɓi ba da abin da mutum ya ƙudurta da niyya.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara daga ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon na 1790, ya tarar da wani nau'in waswasi wanda malamai ne da kansu suke shuka shi. Wasu ɗaliban ilmin tauhidi sun ɗauki ra'ayin cewa duk wanda bai iya kawo hujjojin samuwar Allah da siffofinsa bisa tsarin malaman kalam ba, wato masu tabbatar da aƙida ta hanyar hujjar hankali, to imaninsa bai inganta ba, har suna shakkar yankansa da aurensa. Sakamakon haka shi ne manomi ko makiyayin da yake salla yana azumi sai a bar shi yana tambayar kansa ko shi Musulmi ne. Shehu ya yi tsayin daka a kan cewa imanin talaka ingantacce ne, kuma ba a ɗora wa kowa binciken abin da ke cikin zukatan mutane ba; ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, cewa rubuce-rubucen Shehu a kan wannan rigima sun haura hamsin. A cikin Ihya'us Sunna kuma, wanda ya rubuta wajen 1793, ya sanya ƙari a kan wanki uku da ɓarnar ruwa wajen alwala cikin bidi'o'in tsarki. Ana yawan tuna jihadi da tutoci da dawaki, amma wani sashe babba na aikin da ya gabace shi sauke wa mutane nauyin shakkar da ba a ɗora musu ba ne.

Shugabannin jihadi sun san cewa hana bori ba zai wadatar ba idan ba a ba mutane abin da za su riƙe a madadinsa ba. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Mafara, ya rubuta Ƙira'ul Ahibba a 1809 a kan asiran sunayen Allah da yadda ake neman waraka da su. Muhammadu Bello ya yi littattafai da dama a kan magani, daga maganin Annabi har zuwa ciwon basir. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, kuma ta tsara Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani ga masu ciwo da masu tsoro da masu juna biyu da waɗanda baƙin ciki ya dama. Ƙungiyar 'yan taru da ta kafa, inda masu muƙamin jaji, wato shugabannin mata na ƙauyuka, suke jagorantar 'yan'uwansu zuwa wurinta su koyo karatu su komo su koyar, ta ba mata wani zumunci wanda a da a wurin bori kaɗai suke samun irinsa. Daga wannan gado, haɗe da abin da ya gabace shi, aka sami aikin da malamin gari yake yi wa mai damuwa har yau: rubutun sha, wato ayoyin da ake rubutawa a allo a wanke a sha, tofi, laya, umurni da sadaka, da kuma wuridi mai ƙayyadadden adadi da lokaci, ko na Ƙadiriyya ko lazimin Tijjaniyya na safe da maraice, ko karatun Dala'ilu. Wanda aka ce ya ja istigfari ɗari da salati ɗari bayan asuba an ba harshensa da yatsunsa da hankalinsa aiki a daidai lokacin da saƙe-saƙe ya fi samun fili.

Sai dai mutanen wannan yanki a ƙarni na 19 ba waswasi ne babbar damuwarsu ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin da Namoda, jarumin Fulanin Alibawa wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa, ya taka rawa a cikinsa, sai ƙasar ta zama bakin iyaka tsakanin daular Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri da Maraɗi, kuma ko nasarar da Sakkwato ta samu a yaƙin Gawakuke na 1836 ba ta kawo ƙarshen hare-hare ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar da babbar kasuwa tana ci a Badarawa, auduga ce kan gaba a cikin hajarta, alhali ayarinsa yana tafe cikin tsoron rundunar Gobirawa. Wannan haɗuwar ta kasuwa mai ci da fargabar hari tana nuna yadda aka bi da zullumin da ke da dalili. Ba a kai shi wurin malam domin a ce a yi watsi da shi ba. An gina masa ganuwa, an tara ƙauyuka cikin garuruwa masu ƙofa, an kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, ana tafiya cikin ayari, ana noma kusa da gari. Addu'a tana nan, amma tare da tubali.

A tsakanin malami da ganuwa akwai wani abu na uku wanda ba shi da suna guda, shi ne tsarin zaman jama'a da ba ya barin mutum shi kaɗai da tunaninsa. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya kwana shi ɗaya, ana zaman makoki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci kuma tana takaba wata huɗu da kwana goma a tsakiyar dangi, ta yadda baƙin cikin yana da mafari da matakai da ranar fita. Magidanci yana da majalisarsa a ƙofar gida ko gindin bishiya, manomin da aiki ya fi ƙarfinsa yana kiran gayya, wanda rani ya tarar da rumbunsa ba kome yana tafiya ci-rani, taubasai da jikoki da abokan wasa kuma suna da izinin tsokanar wanda ya cika shiru har sai ya yi dariya ko ya faɗi abin da ke ransa. A saman duka akwai haƙuri da dangana, waɗanda ake horar da yaro a kansu tun yana ƙarami. Ba daidai ba ne a ɗauka wannan tsari ba shi da aibu, domin haƙurin da yake hana mutum rushewa shi ne kuma yake rufe bakin matar da kishiya ko miji suka ƙuntata wa, kunya kuma takan hana a faɗi ainihin abin da ke ci wa mutum rai, sai ya fito ta hanyar ciwon kai da faɗuwar gaba da zafin ƙirji.

Mulkin Turawa, wanda ya kafu bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, bai ga wannan fage ba sam. Dokar mahaukata ta 1916 ta shafi wanda ake jin tsoron zai yi ɓarna ne, kuma a Arewa yawanci a gidajen yarin En'e ake ajiye irin waɗannan. Mai waswasi ko mai zullumi ba ya cikin lissafin likitan gwamnati. Abin da sabon mulki ya kawo shi ne sababbin dalilan damuwa. An daina hare-haren bayi, amma an shigo da harajin da sai da kuɗi ake biyansa, an sha yunwar 1913 zuwa 1914, sannan da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, aka ɗaure arzikin manomi da farashin gyaɗa da auduga wanda ake yankewa a wata duniya da bai taɓa gani ba. An matsa wa bori a farkon zamanin har ya kai ga A. J. N. Tremearne, wanda ya wallafa littafinsa a kan bori a 1914, ya tattara yawancin bayanansa a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Sai a 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauye tare da danginsu ana kuma aiki da masu maganin gargajiya, a 1960 kuma Raymond Prince ya bayyana wata gajiyar ƙwaƙwalwa da ɗaliban kudancin Nijeriya suke kuka da ita, amma wannan duka ya yi nisa da manomin Badarawa.

Sauyin da ya fi taɓa shi daga cikin addini ya zo. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da karatuttukan Shaihu Abubakar Gumi a rediyon Kaduna, sun soki laya da tsibbu da wasu wuridan ɗariƙu, sai mutane da yawa suka bar su suka koma ga azkar na safe da maraice da suka zo a hadisi. A shekarun 1990 ruƙiyya ta yaɗu, wato karanta ayoyi ga marar lafiya domin korar aljani ko karya sihiri, shagunan maganin Musulunci masu sayar da habbatus sauda da man zaitun da zuma kuma suka cika garuruwa. Da Zamfara, wadda ta zama jiha a 1996, ta fara aiki da shari'a a Janairun 2000, bori ya ƙara komawa cikin ɗaki. Ruƙiyya ta gaji wani abu daga bori ko da masu yinta ba za su so a faɗa ba, domin ita ma tana ɗora ciwon a kan wani mahaluki na waje, sai dai ita korarsa take yi, ba sulhu da shi ba. Haɗarinta ga mai waswasi a bayyane yake idan aka auna ta da ma'aunin Risala: mutumin da aka gaya wa cewa kowane mugun mafarki ko nauyin kafaɗa alamar sammu ne, an ba shi sabon abin bincike wanda ba ya ƙarewa, kuma sau da yawa zargin yakan sauka a kan kishiya ko maƙwabci.

Abin lura ne cewa ilmin halayyar ɗan Adam na zamani, bayan ya daɗe yana tonon asalin tunani, ya dawo kusa da matsayar malaman fiƙihu. A 1966 Victor Meyer a Landan ya nuna cewa masu wanke-wanke da maimaita abu suna samun sauƙi idan aka bar su suka fuskanci abin da suke tsoro aka kuma hana su maimaitawar, kuma wannan hanya ita ce kan gaba a yau wajen jiyyar wannan cuta. A 1983 Thomas Borkovec a Amurka ya gwada ware wa damuwa rabin sa'a a yini, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a riƙa ɗage ta zuwa lokacin duk sa'ad da ta taso. A 1987 Daniel Wegner ya nuna cewa wanda aka hana tuna wani abu yakan fi tuna shi daga baya, abin da ke bayyana dalilin da ya sa kokawa da tunani ba ta yin amfani kamar ƙyale shi ya wuce ba tare da an yi masa biyayya ba. Tun kafin su duka, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware babi ga waswasi a littafinsa na gyaran jiki da rai, inda ya gargaɗi mai fama da shi game da kaɗaici da zaman banza.

Tun daga wajen 2011 ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ta koma cikin halin da ya yi kama da na zamanin Barth, sai dai babu ganuwa. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, kuma hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama abin da ake shiga da addu'a. Mutumin da yake kwana yana lissafin inda zai samo kuɗin fansar ɗansa ba mustankihi ba ne, kuma wanda ya ce masa ya yi watsi da tunanin bai fahimci fiƙihun ba balle halin da yake ciki. Abin da ya fi muni shi ne rikicin ya faɗa wa ainihin abubuwan da a da suke ɗauke wa zuciya nauyi: an watse daga ƙauyuka an bar majalisu, gayya ta yi wuya a gonar da ba a iya zuwa, ana binne mutane da yawa a rana ɗaya ba tare da zaman makoki na sosai ba, wanda aka sace ba a san ko yana raye ba kuma matarsa ba ta da takaba ba ta da aure. A watan Satumba na 2021 hukuma ta katse layukan waya a jihar ta kuma rufe kasuwannin mako domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya da labari, matakin da ya hana iyalai jin ɗuriyar juna na tsawon makonni, a wasu wuraren ma watanni. Bayan an tsira ma tunanin ba ya tsayawa, domin wanda ya dawo daga daji yakan ci gaba da firgita da ƙarar babur, a nan ne zullumi mai dalili yake rikiɗewa ya zama ciwo mai cin gashin kansa. Wasu matasa sun nemi mafaka a ƙwayoyi irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

A ɓangaren asibiti, manufar ƙasa ta 1991 ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya na matakin farko, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958. Amma likitocin wannan fanni a Nijeriya, bisa alƙaluman da ƙungiyarsu take bayarwa, ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke wannan shiyya yana Kware ne, kusa da Sakkwato, wanda a bakin jama'a sunansa ya zama daidai da hauka, ta yadda mai yawan tunani ba ya ganin kansa a cikin masu zuwa can. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda take aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta haɗa da ba da shawara ga waɗanda tashin hankali ya shafa. A Zimbabuwe, inda ake kiran irin wannan ciwo da yawan tunani kamar yadda ake yi a nan, likita Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a 2006 su zauna a benci a harabar asibiti su saurari mai damuwa, su taimake shi ya zaɓi matsala ɗaya da zai iya taɓawa a cikin mako, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Irin waɗannan mata, ungozomomi da malaman Islamiyya da magadan masu muƙamin jaji, suna nan a kowace unguwa ta Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, har da cikin waɗanda suka yi gudun hijira, kuma su ne ake fara kai wa kuka tun kafin a je wurin malam ko a tsaya a kemis a sayi maganin barci.